An ce jinina ya dawo daidai, amma ƙafafuna mutuwa suke yi

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, shekaruna 38, 'ya'yana huɗu, sana'ata ɗinki. Kusan shekara biyu ke nan ina fama da kasala da jiri, ko ɗan aiki na yi sai haki. Duk inda na je sai a ce jinina ya yi ƙasa, a ba ni ƙwayar ƙarin jini da folik asid, wani lokacin a haɗa da maganin maleriya. Daga baya wani likita, Allah ya saka masa da alheri, ya tura ni gwaji aka gano bitamin B12 ne ya yi ƙaranci a jikina. Aka yi mini allurai na 'yan makonni, na warware sarai. Da na koma sai na tarar da wani likitan daban, ya sake gwaji ya ce B12 ɗin ya ma wuce kima, in daina allura, in riƙa cin abinci mai kyau. Yanzu ciwon ya dawo, har ya fi na da. Ƙafafuna mutuwa suke yi, ba na jin fedar keke sosai, silifa kan zame daga ƙafata ban sani ba. In na rufe ido ina wanke fuska wajen alwala sai in ji zan faɗi. Harshena na zafi, ba na iya cin yaji. Ga mantuwa, ga saurin fushi. Na koma na yi bayani, aka duba tsohon sakamakon aka ce lafiyata ƙalau, damuwa ce kawai. Maigidana ya fara gajiya, ya ce kuɗi sun ƙare a gwaje-gwaje kuma likita da kansa ya ce ba komai. Surukata ta ce in dage da karan dafi da maltina da madara, wasu kuma na cewa iska ce. Ba ni da wani ciwo sai olsa, na daɗe ina sayen omeprazole a kemis ina sha. Mai kemis ɗin ya ce zai riƙa yi mini allurar bitamin duk mako. In yarda? Ko kuwa da gaske a kaina abin yake?

Wata 'yar'uwa daga Zariya

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya kawo sauƙi. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita na ga ta fi ci miki rai. Abin da kika lissafa ba ƙirƙirar zuci ba ne. Silifar da ke zamewa, harshen da ke zafi, mantuwa da sauyin hali, duk sanannun alamomin ƙarancin B12 ne. Wannan tangaɗin da kike yi wajen alwala kuwa shi ya fi tsaya mini a rai. Mutum yana tsayuwa daidai ne da taimakon idonsa da kuma saƙon da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke aika wa ƙwaƙwalwa ta cikin laka. Idan saƙon ƙafa ya raunana, ido ne ke riƙe mutum, da ya rufe shi sai ya fara tangal-tangal. Likitoci da gangan suke sa mara lafiya ya tsaya ya haɗe ƙafafu ya rufe ido don su ga haka. Ke kin yi wa kanki wannan gwajin a bakin buta ba ki sani ba. Wasiƙa ba ta maye gurbin a duba ki, kuma akwai wasu cututtuka, kamar ciwon suga, da su ma suke kashe ƙafa. Amma macen da aka taɓa tabbatar mata da ƙarancin B12, ta ji sauƙi da allura, ciwon ya dawo bayan an tsayar, ba a sallamar ta da cewa damuwa ce.

B12 aiki biyu yake yi a jiki. Na farko a ɓargo, inda ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Idan ya yi ƙaranci sai ƙwayoyin su riƙa fitowa manya-manya, kaɗan, marasa ƙwari, shi ne kasala da jiri da haki. Na biyu a jijiyoyi da laka, inda yake kula da rigar da ke lulluɓe su. To folik asid, wanda aka yi ta ba ki, yana iya gyara ɓangaren jini ko da B12 bai wadata ba, amma ba ya tsinana wa jijiyoyi komai. Shi ya sa za a iya auna jini a ga ya hau, a yi miki barka, alhali ɓarnar tana ci gaba a ƙafa. Wanda ya ce jininki ya dawo daidai mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, sai dai rabin labarin ya karanta. Kuma abin da ke sa ni matsa miki lamba shi ne jini yana dawowa cikin 'yan makonni idan an samu magani, amma jijiya idan ta daɗe a lalace ba lallai ta koma yadda take ba. Don haka wannan ba abin da za a ce a bari sai an samu sarari ba ne.

Tambayar da ban ga an amsa miki ba tun farko ita ce: me ya sa B12 ɗinki ya yi ƙasa? A nan duk maganar take. Ana samun wannan bitamin ne a abincin da ya fito daga dabba, wato nama, hanta, kifi, ƙwai, madara, nono da kindirmo. Hantar ɗan'adam kuma tana iya ajiye wanda zai ishe shi shekaru. Saboda haka idan mace tana samun ɗan nama ko kifi a miya, tana shan fura da nono, amma duk da haka ya ƙare mata, sai a zargi hanyar da yake bi ya shiga jini. Ruwan tsamin ciki ne ke ɓamɓare B12 daga abinci, sannan wani sinadari da bangon tumbi ke fitarwa ya kama shi ya raka shi har ƙarshen ƙaramin hanji, inda jiki ke tsotse shi. A wasu mutane garkuwar jikinsu ce ke juyawa ta lalata wurin da ke samar da wannan sinadari. Irin waɗannan ko sa guda suka cinye ɗan kaɗan ne kawai zai shiga, kuma maganinsu na tsawon rai ne. Wasu kuma aikin tiyata a tumbi ko hanji ne sila, ko tsohon kumburin bangon ciki daga ƙwayar cutar nan da ke haddasa olsa, ko maganin suga na metformin idan an daɗe ana sha. Sai kuma omeprazole, wanda kika ambata a ƙarshen wasiƙarki kamar ba komai ba. Aikinsa rage ruwan tsamin ciki, kuma an san shan sa shekara da shekaru na iya rage B12. Ba na cewa shi ne mai laifin, amma dole likita ya ji wannan daga bakinki, ya kuma duba ko olsar ma an taɓa tabbatar da ita ko dai zafin ciki ne aka raɗa wa suna. Kada ki yanke shi rana ɗaya da kanki, don zafin kan dawo da ƙarfi. Ki bari a tsara miki.

Shi kuma gwajin da aka yi miki bayan allurai, wanda aka dogara da shi aka tsayar da magani, ba ya nuna an warke. Duk wanda aka yi wa allurar B12 kwanan nan, idan aka auna jininsa za a ga bitamin ɗin ya yi sama, don shi aka zuba. Kamar gidan da famfonsa ya lalace ne, aka sayi ruwan garuwa aka cika randa, sai wani ya leƙa ya ga randa fal ya ce ai an gyara famfo. Shi ya sa a ƙa'idar da likitocin jini ke bi, idan an fara wa mutum allura ba a amfani da yawan B12 na jini wajen yanke hukuncin dainawa, ana duba dalilin ciwon ne da yadda jiki ke amsawa. A Ingila, alal misali, mai alamun taɓuwar jijiya akan yi masa allurar B12 mai suna hydroxocobalamin miligiram 1 yau a tsallake gobe har sai sauƙin ya tsaya cak, daga nan a koma duk wata biyu, kuma idan matsalar tsotsewa ce ba a dainawa. Inda ɗaya nau'in allurar B12, wato cyanocobalamin, ake samu, akan yi ta duk wata bayan zagayen farko. Na kawo miki wannan ne don ki san cewa neman a ci gaba da allura ba son asibiti ba ne, abu ne da ke rubuce. Adadin da ya dace da ke, likitan da ya duba ki ne zai yanke.

Kada ki riƙe likitocin nan a zuci. A wajenmu idan mace mai haihuwa ta zo da ƙarancin jini, abin da ya fi yawa shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe, da maleriya, da zubar jini, da tsutsar ciki, da haihuwa kusa-kusa. Wanda ya fara ba ki ƙwayar ƙarin jini ya bi hanyar da ta fi yawan kaiwa gida ne. Ga layi har waje, ga ƙarancin likitoci, ga kati yau a hannun wannan gobe a hannun wancan. Wanda ya gan ki minti biyar da takardar da ke cewa B12 ya yi sama, bai ga matar da ta kasa taka keke ba. Wannan uzuri ne gare su, amma bai zama dalilin da za ki haƙura ki zauna ba. Abin da ya ɓace a lamarinki shi ne likita ɗaya, ko sashe ɗaya, da zai riƙe labarinki daga farko zuwa ƙarshe.

Kuma kin yi sa'a a Zariya kike. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen ƙwararru kan cututtukan jini, mutane daga garuruwa masu nisa suke zuwa. Ki nemi likitan da ke ganin ki ya rubuta miki takardar turawa zuwa can, ki faɗa masa kai tsaye cewa ƙafafunki sun fara mutuwa kuma kina so ƙwararren jini ya duba ki. Neman ra'ayin likita na biyu haƙƙinki ne, ba rashin kunya ba ne. Kafin ranar, ki tattara duk takardun gwajinki, musamman na farkon nan da ya nuna B12 ya yi ƙasa kafin a fara allura, don shi ne babban shaidarki. Idan yana cikin fayil ɗin wani asibiti, ki roƙi kwafi ko ki ɗauki hotonsa da waya. Ki zuba duk magungunan da kike sha a leda ki tafi da su, har da na kemis da na gargajiya. Sannan ki samu takarda guda ki rubuta abin da ke damun ki da lokacin da kowanne ya fara, da lokacin da aka yi allurai, da lokacin da aka tsayar. A gaban likita kada ki fara da "kasala nake ji", don kowa haka yake cewa. Ki fara da ƙafa: silifa na zamewa, ba na jin feda, ina tangaɗi in na rufe ido. Waɗannan kalmomin ne za su sa ya ajiye biro ya tashi ya gwada jijiyoyinki.

Ki tambaye shi me ya jawo ƙarancin, ko maganin na ɗan lokaci ne ko na dindindin, da kuma yaushe za ki dawo. A takardar ƙidayar jini akwai wurin da aka rubuta MCV, wato girman jajayen ƙwayoyi. Idan ya haura 100 yakan nuna irin wannan matsala, amma zai iya zama daidai idan akwai ƙarancin ƙarfe a tare ko an sha folik asid, don haka kada lambar ta ruɗe ki. Mai yiwuwa ya so a shafa jininki a gilashi a duba da madubin likita, a auna ƙarfe da suga, a duba aikin thyroid, wato ƙullutun gaban wuya da kumburinsa ke kawo maƙoƙo, don ciwon garkuwar jiki yakan haɗa da shi, a nemi ƙwayar cutar olsa, wataƙila ma a leƙa cikinki da na'ura. Akwai kuma gwajin da ke nuna ko garkuwar jiki ce ke yaƙar sinadarin tumbin, sai dai yakan fito babu komai a kusan rabin masu ciwon, don haka shi kaɗai ba ya wanke mutum. Tun da kuɗi sun yi wuya, ki gaya masa gaskiya, ki ce ya jera miki gwaje-gwajen daga wanda ya fi muhimmanci. Likita mai tausayi ba ya jin haushin wannan tambaya. Kuma mai alamun jijiya ba a jinkirta masa allura don jiran sakamakon da zai ɗauki makonni. In kina da inshorar lafiya ta jihar Kaduna, wato KADCHMA, ko ta tarayya ta wajen aikin maigida, ki tambaya me suke ɗauka.

Abu ɗaya da ba na so ki baro asibitin ba tare da shi ba shi ne tsarin magani a rubuce, da sunan allurar, da yawanta, da tazarar kwanaki, da sa hannun likita. Da wannan takardar ba sai kin riƙa zuwa Shika don kowace allura ba, nas a ƙaramin asibitin unguwarku za ta iya yi miki, kuma duk sabon likitan da kika tarar gobe zai ga abin da ƙwararre ya tsara. Ki sayi allurar a babban kantin magani mai rajista, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki ajiye ta cikin kwalinta nesa da rana da zafi. Idan allurar ta yi wuyar samu, akwai ƙwayar B12 mai ƙarfi, ta maikirogiram 1000 ko fiye, wadda kusan kashi 1 cikin 100 nata kan ratsa hanji ya shiga jini ko babu sinadarin tumbi. Wasu suna zama lafiya a kanta bayan an cika musu jiki da allura. Ki tambayi likita ko za ta yi miki daga baya, amma ga mai mutuwar ƙafa allura ake farawa da ita.

Maganar mai kemis kuwa, a'a, kada ki yarda a haka. Na san kusa yake, ga sauƙin kuɗi, ga shi yana sauraron ki lokacin da wasu suka ƙi. Amma abin da ake kira allurar bitamin a kemis sau da yawa haɗin bitamin B ne wanda B12 ɗin cikinsa kaɗan ne ko babu sam. Wasu haɗe-haɗen kuma suna ɗauke da B6 mai yawa, wanda idan aka daɗe ana ɗura wa jiki shi kansa yana lalata jijiyoyin ƙafa. Ko da B12 na gaske ne, za ki ji sauƙi ki daina bincike, a bar dalilin ciwon a rufe, kuma in akwai wani abu a cikinki da ya kamata a gani ba za a gan shi ba. Folik asid ma kada ki ci gaba da shan shi shi kaɗai kafin ki ga likitan, sai in kina da juna biyu, a nan kuma sai ki hanzarta zuwa a haɗa miki duka biyun, don jariri a ciki da a nono daga jikinki yake samun B12.

Surukarki ƙauna ce ta sa ta dafa miki karan dafi, ki karɓa ki yi godiya. Madarar da ta ce ma tana da B12, sai dai karan dafi da zogale da maltina ba su da abin da zai cike wannan giɓi. Masu cewa a ci hanta su ma suna da tarihi a bayansu. A 1926 wasu likitoci biyu a Amurka, Minot da Murphy, sun ceto masu wannan ciwo, wanda a lokacin kisa yake yi, ta hanyar ciyar da su hanta mai yawa kullum, kusan ɗanya, har aka ba su kyautar Nobel a 1934 tare da wani likita mai suna Whipple. Amma tun da aka ware B12 a 1948 ƙaramar allura ta ɗauke wa mutane wannan wahala. Ki ce wa Hajiya likita ya ce cikinki ne ba ya tsotse maganin daga abinci, shi ya sa sai ta allura. Tsofaffinmu suna fahimtar magana in an yi musu ita da ladabi. Masu cewa iska ce, kada ki yi jayayya da su. Ki riƙe azkar da addu'o'inki, ki kuma je asibiti, ai neman magani ma umarni ne.

Maigida ne na fi so ki yi wa dabara, don ba za ki iya wannan tafiyar ke kaɗai ba. Ki duba ta ɓangarensa: ya kashe kuɗi, an nuna masa takarda an ce ba komai, ciwon ba ya fitowa a fata, ga matarsa ta koma mai mantuwa da faɗa. Ba mamaki ya gaji, ko da yake gajiyar ba ta ba shi damar ƙaryata ki ba. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, bayan ya ci abinci yara sun kwanta, kada ki fara da ƙorafin abin da ya wuce. Ki ce masa ki tsaya a gabansa ki haɗe ƙafafu ki rufe ido, shi kuma ya tsaya kusa ya tare ki. Abin da ya gani da idonsa zai fi duk bayanin da za ki yi. Sannan ki roƙe shi abu guda, ya raka ki Shika ya ji daga bakin likita. Ki nuna masa cewa allurar kanta ba ta cikin magunguna masu tsadar gaske, yawon asibiti ba tsari ne ke cin kuɗi, kuma ɗinkin da kike taimaka wa gida da shi a ƙafar nan da yatsun nan ya dogara. In ya ƙi, ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa, yayanki ko ƙanin mahaifinsa, ya yi masa magana cikin mutunci, ke kuma ki tafi da 'yar'uwarki.

In an dawo da magani yadda ya kamata, ƙarfin jiki kan fara dawowa cikin kwanaki, jini ya daidaita cikin kamar wata biyu, amma ƙafa takan ɗauki watanni, wani lokacin ma tsikarin ya ɗan ƙaru da farko kafin ya lafa. Kada wannan ya karya miki gwiwa. A wannan tsakanin ki riƙa yin alwala a zaune, ki ajiye fitila kusa da gado don dare, ki duba tafin ƙafarki kowace yamma ko kin taka allurar ɗinki ba ki ji ba, ki kuma kula da ruwan zafi da garwashi. Idan kuwa kika fara faɗuwa, ko fitsari ya fara kufce miki, ko numfashi ya yi wuya kina zaune, ko kika ga bayan gida baƙi ƙirin alhali ba kya shan ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, kada ki jira ranar ganin likita, ki tafi sashen gaggawa a ranar.

Ki sake rubuto mini bayan kin ga likitan jinin, ina so in ji abin da aka gano da kuma tsarin da aka rubuta miki. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya sa kaffara ne.